Mai Awon da Ya Karkatar da Titi

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin awo ne a ofishin ayyuka na wani gari. Shi ne mai fita da na'urar nan mai ƙafa uku, ya kafa ta a bakin titi, ya kanne ido ɗaya yana leƙawa, ya ce wa leburori a buga turke nan, a buga can. Inda ya ce iyaka take, nan take. Har mutane suka bar kiran sunansa, sai dai Mai Awo.

Yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, kafinta. Ubansu ya rasu Mai Awo yana ƙarami, wan ne ya riƙe shi. Da zarto da guduma ya ɗauki nauyin karatunsa har ya zama mutum. Shagon kafintan yana gaban gidan da ubansu ya bari, a tsakiyar gari, yana kallon babban titi. Bayan shagon kuwa ɗakin mahaifiyarsu ne, bango ɗaya ya raba su. Tsohuwa ce, ƙafa ta yi mata nauyi. Daga kan gadonta take jin ƙarar zarton ɗanta, takan ce wannan ne rediyonta.

Wata rana Mai Awo ya daki matarsa. Ta gudo wurin surukarta da kumburarren ido. Da ya biyo ta, sai wan ya tare shi a ƙofar shago, ga maƙwabta, ga masu wucewa.

Ya ce, "Wannan aka koya maka a makarantar? Da na san abin da gumina zai haifa ke nan, da na zaunar da kai nan na koya maka goge katako. Shiga ka ba ta haƙuri, ka ba Inna haƙuri."

Mai Awo ya shiga ya durƙusa, ya ba da haƙuri. Amma lokacin da yake sunkuyar da kai zai wuce, mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka ya yi 'yar dariya. Wannan dariya ita ya ɗauka ya tafi da ita gida.

Shekaru suka shuɗe. Kafinta ya manta. Matar ma ta yafe. Mai Awo yana zuwa gaisuwa, yana cin abinci a gidan, yana wasa da 'ya'yan wansa, amma ta ciki na ciki. Ku lura fa, ba sharri aka yi masa ba. Gaskiya aka gaya masa, kuma wanda ya isa da shi ne ya gaya masa. Sai dai akwai zuciyar da gaskiya ta fi mari yi mata zafi.

Ana nan sai hukumar garin ta ce za ta gyara tsakiyar gari. Wurin kuwa yana buƙatar gyara. Titi ya farfashe, ramuka sun cika shi. Da an yi ruwa sai ya kwanta ya yi wari. Masu talla sun ci rabin hanya, mota da mai ƙafa suna gugar juna, mai ɗaukar kaya a ka yana zagin direba, direba yana ramawa. Aka ce za a faɗaɗa titi, a haƙa magudanar ruwa, a shimfiɗa wa masu ƙafa hanyarsu daban, a kafa fitilu, a dasa itatuwa, tsohuwar tashar mota kuma ta koma filin shan iska. Kowa ya yi murna. Aikin alheri ne, ba mai musu.

Aka ba Mai Awo fitar da layin sabon titi. Injiniyan da ke shugabantar aikin ya yarda da shi ƙwarai, domin bai taɓa kama shi da ha'inci ba. In Mai Awo ya ce an auna, Injiniya ba ya ko saukowa daga mota.

To, daidai gaban gidansu, a tsallaken titi, akwai wani kango na hukuma, tsohon sito ne da rufinsa ya faɗa ciki, ba kowa sai kyanwoyi da ciyawa. Bisa tsarin da aka yi, ta wannan gefen titi zai ci. Shagon kafinta ba abin da zai taɓa shi.

Ranar da awo ya iso unguwar, da safe, Mai Awo ya kafa na'urarsa can nesa da gidan. Ya leƙa. Cikin gilashin sai ya hango wansa a ƙofar shago, da fensir a bayan kunne, suna dariya shi da mai gyaran agogo. Me suke yi wa dariya? Allah kaɗai ya sani. Wataƙila labarin ƙwallo ne. Amma Shaiɗan ba ya buƙatar ƙofa, tsaga ta ishe shi.

Ya ɗaga hannu ya yi wa leburan da ke riƙe da sanda alama. "Matsa hagu. Ƙara kaɗan. Buga nan."

Ya san aikinsa. Bai karkatar da layin lokaci guda ba. Tun daga nesa ya fara jan sa a hankali, kowane turke ya ɗan goce daga na bayansa, yadda ido ba zai gane ba. Kafin layi ya iso gidan, ya bar kangon hukuma ya shiga cikin shagon wansa. Da ya wuce gidan, ya sake mayar da shi a hankali inda ya kamata. Kafin la'asar an shafa wa bangon shagon jan fenti, alamar za a rushe shi.

Washegari kafinta ya sa babbar rigarsa ya zo ofis. Ya zauna a benci cikin masu jira, bai ce shi wan kowa ba ne, har aka kira shi.

Ya ce, "Ƙanena, na ga abin da aka shafa. Na ce bari in zo in ji daga bakinka. Babu yadda za a yi?"

Mai Awo ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. Ya ce, "Yaya, aikin hukuma ne. Daga sama aka zana, ni dai bi nake yi. Na duba ta ko'ina."

Ya yi tsammanin wan zai yi faɗa, ko ya roƙe shi, har ya shirya yadda zai ji daɗin roƙon. Sai kafinta ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarsa.

"To shi ke nan. Kada ka jefa kanka cikin matsala saboda ni. Ka riƙe amanarka. Zarto ko a ƙarƙashin bishiya yana yanka."

Ya fita. Mai Awo ya zauna yana kallon ƙofa. Daɗin da ya jira shekara da shekaru bai zo ba.

Da ya je gaishe da mahaifiyarsu, ta sa ya matso kusa da gado. Idonta ya yi rauni, amma ta kafe shi da shi.

Ta ce, "Dube ni. Shagon nan ubanku ne ya gina shi da hannunsa. Da gaske babu hanyar kaucewa?"

Ya ce, "Babu, Inna."

"Ka rantse min."

Ya ce, "Wallahi babu."

Ta saki hannunsa, ta ce Allah ya yi masa albarka.

Ya 'yan uwa, ku tsaya nan ku duba. Ya zalunci wansa, ya rufe zaluncin da ƙarya, ya rufe ƙaryar da sunan Allah, kuma a gaban wadda ta haife shi. Sai ta sa masa albarka a kai. Wane kaya ne ya fi wannan nauyi?

Katafila ta zo ta rushe shagon. Kafinta da kansa ya taya kwashe katakai, ya kafa rumfa a tsakar gida. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce masa, "Ai ni alfahari nake yi. Ƙanena bai duba jini ba. Da haka ma'aikata suke, da garin nan ya gyaru tun tuni."

Magana ta bazu. Masu shagunan da ke ta gunaguni a kan nasu jan fentin suka yi shiru, suka ce wanda bai bar wa wansa ba, wa zai bar wa? Shugaban hukuma ya ambace shi a taro. A kasuwa ana nuna shi da yatsa. Zaluncinsa ya zame masa rigar mutunci, ya sa ta yana yawo, tana ƙona shi.

Da aka rushe shagon, bangon ɗakin Inna ya zama shi ne fuskar titi. Kuma daidai gindinsa karkataccen layin ya ce magudanar ruwa ta bi. Aka haƙa rami mai zurfi, har tushen bangon ya fito fili. Kafin a zuba kankare sai siminti ya yanke wa 'yan kwangila, aiki ya tsaya. Rami ya zauna a buɗe, bai kai mafitarsa ba. Ga damina ta ƙarato.

Mai Awo ya san abin da hakan ke nufi, ya fi kowa sani. Tsohon bango, an tone gindinsa, ruwa zai zo ya kwanta ba inda zai bi. Maganin abin kuwa bai fi ya je ya ce wa Injiniya a zo a tallafe bangon ba. Amma in Injiniya ya zo, zai sauko daga mota. In ya sauko, zai ɗaga kai ya ga kangon hukuma a tsaye a tsallake ba wanda ya taɓa shi. Zai tambaya.

Sai ya nemi wata dabara. Ya ce wa mahaifiyarsa, "Inna, ki dawo gidana har a gama aikin nan. Ƙarar injuna ta yi miki yawa."

Ta yi dariya. "Ƙarar zarton yayanka ban gudu ba, sai ta katafila? Ɗakin da ubanku ya ajiye ni, nan nake."

Da zai fita, wan ya ja shi gefe ya nuna masa wasu katakai da ya tokare bangon da su ta ciki.

"Ni bangon nan bai kwanta min a rai ba. Na ɗan tokare shi. Kai da ka san aikin, yaya ka gani? In ka ce a fitar da ita, ko tana kuka zan ɗauke ta."

Ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Kalma ɗaya ta isa. Amma in ya ce akwai haɗari, wan zai je ofis ya kai kuka, kuma maganar Injiniya ta dawo.

Ya ce, "Zai riƙe, Yaya. Kwana kaɗan ne a zuba kankare."

Daga ranar bai sake kallon sama da kwanciyar rai ba. Gajimare kaɗan in ya taso, sai ya fita yana dubansa. Iska ta kaɗa labule, ya miƙe tsaye. Abinci ya ƙi shiga. Matarsa tana lura da shi, har ranar da ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Tun da aka rushe shagon Yaya ba ka koma daidai ba. Kowa na yabonka, kai kana ramewa. Mai gaskiya ba ya haka."

Ya ɗaga hannu zai dake ta, sai kuma ya sauke.

Ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Ban san abin da ka yi ba, ba na kuma son in sani. Amma in akwai abin da ka sani, ka je ka faɗa tun da sauran lokaci. Kunyar yau ta fi ta gobe sauƙi."

Maganar ta shige shi. Da safe ya sa kaya ya nufi ofishin Injiniya, yana ta jujjuya yadda zai fara. Ya ƙwanƙwasa, ya shiga. Injiniya ya taso da fara'a ya riƙe hannunsa, ya juya ga baƙin da ke zaune ya ce, "Ga mutumin da nake ba ku labari." Sannan ya shaida masa an ƙara masa girma, daga yanzu shi ne shugaban masu awo.

"Da wata magana ka zo?"

Mai Awo ya dubi baƙin, ya dubi Injiniya. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Gaisuwa ce."

Bayan azahar ta wannan rana hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu kamar magariba. Ma'aikata suna ta rufe tagogi suna cewa Allah ya kawo mai albarka. Mai Awo yana tsaye jikin taga yana roƙon Allah ya sa iska ta kore shi. Da wane baki? Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Ya fita a guje, ko takalmi bai ɗaura daidai ba. Mota ba ta tafiya, domin titin da aka farfasa ya koma kogi. Ya ratsa ruwa har gwiwa, yana faɗuwa yana tashi, yana cin karo da tarin duwatsu da bututun da aka jibge. Tun kafin ya sha kwanar unguwarsu ya ji salatin mata.

Ya tarar da mahaifiyarsa a shagon mai gyaran agogo, jiƙe sharkaf, tana kiran babban ɗanta. Ɗakinta kuwa babu shi. Bango ya zame cikin ramin, rufi ya bi shi.

Abin da ya faru shi ne, da kafinta ya ga ruwa na ɓulɓulowa daga ƙasan bango, katakan da ya tokara suna ƙara, sai ya shiga ya sungumi tsohuwa. Ya kawo ta bakin ƙofa ya miƙa wa maƙwabcin. Kafin shi ya fitar da ƙafarsa, ginin ya sauko a bayansa.

Mutane suka yi ta tono da hannu cikin ruwa, Mai Awo yana cikinsu, farcensa na zubar da jini. Aka zaro kafinta da rai. Amma da aka ɗaga shi, ƙafafunsa suna lilo kamar ba nasa ba. A asibiti likita ya ce ƙashin baya ya karye, tafiya kuma sai dai wani ikon Allah.

Tunda aikin hukuma ne ya kayar da gini a kan mutum, sai aka turo masu bincike daga waje, da tasu na'urar. Aka ce Mai Awo ya raka su, tunda shi ne shugaba. Haka ya tsaya a rana yana kallo suna bin turakansa ɗaya bayan ɗaya. Shugabarsu mace ce, ba ta da yawan magana. Ta leƙa, ta sa aka sake aunawa, ta sake leƙawa. Da suka iso gaban gidan ta ɗaga kai ta dubi kangon da ke tsallake, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Malam, titin nan ba nan ya kamata ya bi ba."

Ya ce wataƙila na'urarsa ce ta yi kuskure.

Ta ce, "Na sha ganin kuskure. Ban taɓa ganin wanda ya lanƙwasa a hankali, ya ci gida ɗaya, sannan ya koma kan hanyarsa ba."

Aka kira leburori, suka faɗi yadda ya riƙa cewa su matsa hagu. Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Bakunan da suka yabe shi su ne suka tsine masa. Masu shagunan da aka rushe musu bisa gaskiya ma suka taso, kowa na cewa shi ma zaluntarsa aka yi, har aikin gaba ɗaya ya tsaya aka sake awo daga farko.

Kafin a zo kama shi ya je asibiti. Wansa yana kwance, ido a rufe. Mahaifiyarsu tana zaune gefen gado tana yi masa fifita. Ya durƙusa a gabanta. Ba ta dube shi ba, ba ta kuma daina fifita ba.

Ta ce, "Ai ka rantse min."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Aka kore shi daga aiki, aka gurfanar da shi, alƙali ya ɗaure shi. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu, domin yara sun kasa zuwa makaranta saboda gorin da ake musu. Yana gidan yari aka aiko masa mahaifiyarsa ta rasu. Bai ga gawarta ba, bai ɗauki makararta ba.

Da ya fito, kansa ya yi fari. Tsakiyar gari ta canza, titi ya miƙe sambal, itatuwa sun fara yin inuwa, yara na wasa a filin da dā tasha ce. Bai iya bi ta nan ba. Ta lungu ya zagaya ya shiga gidansu ta ƙofar baya.

Ya tarar da wansa a tsakar gida cikin keken guragu, an ɗora masa allo a cinya yana sassaƙa ƙananan abubuwa. Mai Awo ya faɗi a gabansa yana kuka. Kafinta ya bar shi har ya yi shiru don kansa.

Sannan ya ce, "Tashi. Nawa na yafe tun ina asibiti. Ni na raine ka, ba zan tsaya da kai gaban Allah ba."

Mai Awo ya ce, "Inna fa, Yaya? Ta ce wani abu a kaina?"

Wan ya ajiye wuƙar sassaƙa. Da wani ne, da ya ƙirƙiro masa magana mai daɗi. Amma shi bai saba ƙarya ba.

"Na roƙe ta. Har ranar da za ta cika ina roƙonta. Ba ta yi maka baki ba, ko sau ɗaya. Amma ta ce ba ita ka yi wa rantsuwa ba. Ta ce wanda ka kira sunansa, da shi za ka yi magana."

Mai Awo ya tashi ya fita. Wan ya kira shi ya tsaya ya ci abinci, bai waiwayo ba. Bayan haka ba a sake ganinsa da sana'a ba. Akan gan shi a ƙofar maƙabarta yana zaune, ba ya shiga, ba ya tafiya.

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai ci haramun ɗin kowa ba, bai karɓi na goro ba. Aikin da aka ba shi ma na alheri ne, hanya ce da dubban bayin Allah za su bi su yi masa addu'a. Abin da ya kashe shi ƙulli ne da ya ajiye a zuciya yana ba shi ruwa, har ranar da aka damƙa masa iko. Duk wanda aka ba shi wani abu na jama'a ya riƙe, alƙalami ne, ko hatimi, ko sandar awo, to ba nasa ba ne, kuma ba bulalar ramuwa ba ce. Za a tambaye shi.

Ku duba kuma sau nawa Allah ya buɗe masa ƙofar komawa. Wansa ya tambaye shi, uwarsa ta tambaye shi, matarsa ta yi masa nasiha, ƙafarsa ta kai shi har gaban Injiniya. Kowane lokaci sai ya zaɓi mutuncinsa a idon mutane. Ina mutuncin yake yanzu? Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Wanene a cikinmu yake zaune nan da tsohuwar magana a ransa, ta ɗan'uwa ko ta maƙwabci, yana jiran rana? Ya zubar da ita yau. Wanda kuma ya san ya karkatar da wani abu da aka ba shi amana, ya je ya miƙar da shi tun hadari bai haɗo ba, tun waɗanda zai nemi gafararsu suna numfashi.

Ya Allah ka wanke zukatanmu daga gaba da ƙullin zuciya. Ka tsare harsunanmu daga rantsuwa a kan ƙarya. Kada ka ba mu ikon da za mu cuci wani da shi. Ka sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu, ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.